Yadda Ake Wanke Tsohon Tankin Kifi na Akirilik a Gyara Shi Ya Koma Aiki

Tsohon tankin kifin ado da ya jima a ajiye yakan fito da farin datti daskare a bangonsa, busasshiyar gansakuka a kusurwoyi, ga karce ta ko'ina har ba a iya hango abin da ke ciki. Mafi yawan wannan duk yana gyaruwa, domin akirilik, saɓanin gilashi, ana iya goge shi a dawo masa da ƙyallinsa. Inda matsalar take shi ne mai gyaran da kansa yakan ƙarasa tankin. Ruwan wanki guda da bai dace ba, ko gugar busasshen ƙyalle a kan ƙura, ko zafin injin goge, kowanne yana iya yin ɓarnar da shekarun ajiya ba su yi ba. Don haka jerin aikin yana da muhimmanci: a duba, a wanke, a gwada da ruwa, a gyara mahaɗai, sannan a zo kan ƙyalli. Wanda ya fara da ƙyalli yana iya ɓata kwana biyu yana goge tankin da zai yi yoyo ranar farko.

Tabbatar da abin da ke hannunka

Akirilik roba ce mai haske, ita ce ake sayarwa da sunayen Perspex da Plexiglas, kuma ita masu yin allunan talla ke yankawa. Nauyinta kusan rabin na gilashi ne. Ka ƙwanƙwasa da farce: gilashi yana ƙara mai kaifi, akirilik kuma sautinsa a dakushe yake. Ka dubi gefen falle: na gilashin yau da kullum yana da kore-kore, na akirilik fari ne tas. Babbar shaida tana kusurwa. Tankin gilashi da silikon ake haɗa shi, za ka ga layin roba mai laushi. Na akirilik kuwa narkar da fallayen ake yi da wani ruwan gam su zama abu ɗaya, babu wani abu mai laushi a tsakani. In ka ga silikon a kusurwar tankin akirilik, to wani ya taɓa ƙoƙarin toshe yoyo a wurin, kuma wurin ne za ka fi sa wa ido.

Akwai ƙananan tankuna masu araha da aka ƙera a zubi ɗaya, marasa mahaɗa, sirara. Da yawansu ba akirilik ba ne, wata roba ce mai saurin tsagewa da komawa rawaya. Waɗannan a wanke kawai, ba su cancanci wahalar samfefa ba.

Duba mahaɗai kafin ka fara wanki

Kai tankin inuwa, ka ɗauraye ƙurar da tiyo ko ka kwarara ruwa da kofi, ba tare da ka goga komai ba. Ƙurar hunturu da yashin da ya rage a ƙasan tanki sun fi akirilik tauri, kuma duk gugar da aka yi a bushe sabon karce ce. Bayan nan ka ɗauki tocila ka bi kowace mahaɗa a hankali, kana haska ta daga gefe.

Mahaɗa lafiyayya tana nan garau, kana ganin ta kamar babu haɗi. Ƙananan kumfa nan da can, in ba su haɗu sun yi layi ba, yawanci tun daga masana'anta suke kuma ba su da illa. Abin tsoro shi ne farin tabo mai kama da hazo a cikin mahaɗar, ko wurin da kake ganin datti ko gansakuka ta shiga tsakanin fallaye biyu. Wannan alama ce cewa haɗin ya fara buɗewa. Ka zagaye wurin da alƙalamin maka daga waje a kan salatif, ka lura da faɗinsa: in farin ya cinye fiye da rabin kaurin falle, ko ya yi tsawon da ya wuce taƙi guda a mahaɗar ƙasa, wannan ba gyaran gida ba ne.

Sai ka dubi saman tankin. Yawancin tankunan akirilik suna da falle a sama da aka yanke masa ƙofofi, kuma shi ne ke riƙe bangon gaba da na baya kada nauyin ruwa ya buɗa su. Tsaga takan fara daga kusurwoyin waɗannan ƙofofi, musamman inda aka daɗe ana ɗora fitila mai zafi. Wasu kan yanke wannan falle don su faɗaɗa bakin tanki. In an yi haka, tankin ya rasa ƙarfinsa, kuma sai an mayar da abin riƙewa kafin a cika shi.

Abu na uku shi ne ƙananan tsage-tsage masu ƙyalli da ke cikin naman robar, kamar saƙar gizo. In ka shafa da farce ba za ka ji su ba, amma da tocila suna walƙiya. Suna fitowa ne daga sinadari mara kyau, ko zafi, ko nauyin da ya fi ƙarfin falle. Samfefa ba ta cire su, don ba a saman suke ba. In 'yan kaɗan ne a tsakiyar bango, tankin na iya aiki a sa masa ido. In sun jeru a gefen mahaɗa, ko suna da zurfi, a haƙura da shi a matsayin tankin ruwa.

Auna kaurin falle ma. Abin da aka saba gani a tanki mai abin riƙewa a sama shi ne milimita 6 ga tsayin santimita 30, milimita 10 ga tsayin 45 zuwa 50, milimita 12 ga tsayin 60. Wanda ya fi haka siranta zai yi ciki sosai in an cika shi.

In da hali ka tambayi abin da aka ajiye a ciki a baya. Tankin da aka yi kiwon ɓeraye ko ƙadangare a ciki yakan sha karce da fitsari, kuma sau da yawa an wanke shi da abin da bai dace ba. Wanda aka zuba wa fetur, maganin ƙwari ko fenti, kada a mayar da kifi cikinsa ko da ya yi kyau a ido.

Abubuwan da ba sa kusantar akirilik

Ruwan goge gilashi mai amoniya irin su Windex, sifirit da duk wani abu mai barasa har da sanitaiza, asiton wato ruwan cire jan farce, tina da fetur. Duk waɗannan suna shiga robar su haddasa hazo ko waccan saƙar tsage-tsage, wani lokaci nan take, wani lokaci sai bayan kwanaki in an cika ruwa. Reza, soson ƙarfe, koren soson wanke tukunya, toka da yashi, su kuma karce suke yi. Takardar jarida da tishu ma suna barin siraran layuka. Omo da sabulun wanke-wanke ba sa cutar da robar, amma ragowarsu tana maƙalewa a kusurwa da cikin karce, kuma tana lalata matattarar numfashin kifi. A bar su gaba ɗaya a cikin tanki.

Abin da za ka tanada shi ne farin ruwan khal, bilic zalla mara ƙamshi, ƙyallen maikurofaiba sababbi guda huɗu ko biyar, soso mai laushi sabo, tsohon katin ATM, tsohon buroshin haƙori mai laushi, bokiti biyu da ba su taɓa ganin sabulu ba, maganin kashe kilorin da ake samu wurin masu sayar da kifin ado, da safar hannu ta roba. Safar ba ado ba ce. Akwai ƙwayar cutar kifi da ke iya shiga jikin mutum ta ciwo ko yanka ta haifar da ƙurji mai wuyar warkewa.

Wanki

Cire duk abin da ke fita: famfo, matatar ruwa, bututu, hita, murfi. Tsakuwar ƙasa kada a ja ta a kan falle. A zuba ruwa ya rufe ta, a kwashe da kofin roba ko a zuƙe da tiyo. Sannan a cika tankin da ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda hannu ke jurewa ba tare da damuwa ba, a bar shi ya kwana. Tafasasshen ruwa haramun ne a nan, yana lanƙwasa falle kuma yana takura mahaɗai. Washegari yawancin gansakukar ta jiƙa, soso kaɗai zai ɗauke ta. Wadda ta ƙi fita a kankare ta da katin, a kwance, ana ɗauraye bakinsa bayan kowane ja don kada ƙwayar yashi ta maƙale.

Farin dattin da ke daskarewa a layin ruwa ma'adinan ruwa ne, kuma ya fi yawa inda ake amfani da ruwan burtsatse ko na rijiya mai nauyi. Tsami ne ke narkar da shi. Haɗa khal da ruwa daidai wa daida. Maimakon cika tanki da khal, kwantar da tankin a kan bargo, bangon da za a wanke yana ƙasa, a zuba haɗin ya rufe bangon da kamar rabin santimita, a bar shi minti 20 zuwa 30. Sai a shafa da soso, a juya zuwa bango na gaba. In tankin ya fi ƙarfin juyawa, a jiƙa ƙyalle da haɗin a manna shi a bango, ana sake jiƙawa kada ya bushe. Datti mai kauri yana iya buƙatar zagaye uku ko huɗu. Haƙuri ya fi ƙarfin hannu amfani a nan, domin ɓarɓashin dattin da kansa yana karce in an danna shi.

In khal ya gaza, garin sitirik asid da masu sayar da kayan haɗa lemo ke da shi ya fi ƙarfi: cokali biyu zuwa uku na cin abinci a lita ɗaya ta ruwan ɗumi. Ragowar gam na sitika a waje kuma ɗan man girki ke sassauta ta, a bar shi minti goma a murza da yatsa. Wannan a waje kawai.

Ɗauraye sosai, aƙalla sau uku, kafin ka matsa zuwa bilic. Kada khal da bilic su haɗu ko kaɗan, ko a tanki, ko a bokiti, ko a ƙyalle. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kilorin mai ƙona huhu.

Bilic ana buƙatarsa ne in ba ka san tarihin tankin ba, ko kifi sun mutu da cuta a ciki. Irin su Jik da Hypo, wanda ba a sa wa turare ko sabulu ba, kashi ɗaya a ruwa kashi goma. Ba sai an cika tanki ba. Rabin lita a ruwa lita biyar ya isa tanki matsakaici: a shafe kowane bango da soso, a shiga kusurwoyi da buroshi, a tabbatar ko'ina ya zauna a jiƙe minti 15. Kada a wuce haka da yawa, kuma a yi a waje inda iska ke kaɗawa. A ɗauraye har warin ya tafi, a cika da ruwa, a zuba maganin kashe kilorin ninki uku na abin da kwalbar ta ce, a bar shi awa ɗaya ko biyu, a zubar. Daga nan a bar tankin ya sha iska a inuwa kwana biyu. Kada a shanya shi a tsakar rana: falle ɗaya zai yi zafi ya buɗe fiye da ɗan'uwansa, kuma mahaɗa ce ke ɗaukar wannan jan.

Soson matata, tsohon gawayi da bututun iska da suka taurare a zubar da su. Famfo a buɗe shi a jiƙa farfelarsa a khal. Hita mai tsaga ko mai ruwa a ciki kada a gwada ta ma.

Gwajin ruwa

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 50 yana ɗaukar lita 270: ka ninka ukun ka raba da 1,000. Wato kusan nauyin buhun siminti biyar da rabi, kafin a sa tsakuwa. Saboda haka gwajin a waje ake yinsa, a kan daɓen siminti, nesa da wayar lantarki da wurin wasan yara.

Ga wani bambanci da mutane da yawa ba su sani ba. Tankin gilashi mai firam yana iya zama a kan gefunansa huɗu, amma na akirilik dole duk faɗin gindinsa ya zauna a kan abu shimfiɗaɗɗe. In tsakiyarsa na lilo, gindin zai lotsa a hankali har mahaɗar ƙasa ta buɗe. Ko a wurin gwaji, shimfiɗa katakon filawud mai kauri milimita 18, ka daidaita shi da ma'aunin magina mai kumfar ruwa a tsakiya, ka ɗora siririn soso mai tauri, sannan takardar jarida busasshiya, sannan tankin. Jaridar ce za ta tona asirin ɗigon da ido ba zai gani ba.

Zuba kashi ɗaya cikin uku, jira awa biyu ko uku, bi mahaɗai da busasshen yatsa da tocila. Ƙara zuwa kashi biyu cikin uku, sake jira. Sannan cika. Yi alama a layin ruwa da salatif, rufe bakin da leda don kada tururi ya ruɗe ka, musamman lokacin hunturu da ruwa ke saurin bin iska. Bar shi kwana uku. Kowace rana ka duba wuraren da ka zagaye da maka: in farin tabon ya ƙara faɗi ko da babu ɗigo, zubar da ruwan nan take. Ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a bangon gaba ka ga yawan cikin da ya yi. Ɗan ciki na milimita kaɗan al'adar akirilik ce. Wanda ke ƙaruwa kullum, ko wanda ake gani daga nesa, ba al'ada ba ne.

Kafin ka zubar da ruwan, yi amfani da damar. Ƙananan karce na ciki yawanci suna ɓacewa in ruwa ya cika su, domin yadda haske ke ratsa ruwa ya fi kusa da yadda yake ratsa akirilik fiye da iska. Tsaya a inda mai kallo zai tsaya, ka yi alama daga waje a kan waɗanda har yanzu ake gani. Su kaɗai ne suka cancanci aiki. Wannan kan rage wahalar sosai.

Gyaran yoyo da tsaga

Silikon ba ya kama akirilik. Zai manne na 'yan makonni ya ɓare kamar fata. Sufa gulu yana farfashewa kuma yana barin farin tabo, gam mai haɗi biyu na ƙarfe da katako shi ma ba ya riƙewa a ƙarƙashin nauyin ruwa. Abin da ke aiki shi ne gam ɗin da ke narkar da robar. Sananne a cikinsu shi ne Weld-On: lamba 3 da 4 tsararo ne kamar ruwa, suna bin siririn tsakani da kansu amma ba sa cike gurbi, lamba 16 mai kauri ne, yana cike ƙaramin gurbi, lamba 40 haɗi biyu ne kuma ya fi su ƙarfi. Masu allunan talla da yawa suna haɗa Perspex da kulorofom. Yana riƙe allo, amma ba abin da za a dogara da shi ba ne a mahaɗar da ke ɗauke da ruwa kilo ɗaruruwa. Duk waɗannan tururinsu guba ne, a yi aikin a fili, da safar hannu da tabarau, nesa da wuta.

Akirilik yana shan ruwa kaɗan a jikinsa. In aka sa gam a kan falle mai laima, haɗin zai fito fari kuma mara ƙarfi. Bar tankin ya bushe mako guda a inuwa bayan gwaji. Kankare duk tsohon silikon da katin har ba saura, domin gam ba ya kama inda silikon ya bar maiƙonsa; a bi wurin da samfefa mai lamba 400 a share.

Tsohuwar mahaɗa da ta buɗe tana da gishiri da datti a ciki, shi ya sa ɗura mata tsararon gam kawai ba ya wadatarwa. Gyaran da ke daɗewa shi ne a ƙara mata ƙashi daga ciki. Nemi sandar akirilik mai kusurwa huɗu ko uku, kauri milimita 10 zuwa 12, wadda za ta wuce wurin da ya lalace da aƙalla santimita 10 ta kowane gefe. Mafi kyau ma ta bi tsawon mahaɗar gaba ɗaya. Wajen yanka, ka ce a yi da zarto ba da na'urar leza ba, kuma kada a goge gefen da wuta. Gefen da zafi ya taɓa yana tsattsagewa da zarar gam ya same shi. Gwada sandar a bushe ka ga ta zauna ba gurbi. Jingina tankin yadda kusurwar za ta zama kamar kwari, liƙa salatif a gefe biyu don kare bango, shafa gam mai kauri, kwantar da sandar daga gefe ɗaya zuwa ɗaya don iska ta fita, danna a hankali, riƙe minti biyar, sannan ɗora ɗan nauyi. In gam ya ɗiga inda ba a so, kada ka share, sharewa tana faɗaɗa tabon. Bar shi ya bushe, samfefa za ta cire shi daga baya.

Tsaga kuma sai an tsayar da ita tukuna. Nemo ainihin ƙarshenta da tocila, ka huda rami na milimita 3 a daidai wurin, injin huda yana tafiya a hankali, ba dannawa, da katako a bayan fallen, ana ɗiga ruwa don kada ya yi zafi. Ramin yana raba nauyin da ke taruwa a bakin tsagar. Bayan ya bushe, ɗura tsararon gam da sirinji a tsagar, cike ramin da mai kauri, sannan manna faci na akirilik mai kaurin fallen daga ciki, ya wuce tsagar da santimita 4 zuwa 5 ta ko'ina. Wannan ya dace da fallen sama, bangon baya da gindi. Tsagar da ta ratsa bangon gaba ko ta shiga mahaɗa, sai dai a canza fallen wurin gwani.

In tankin yana da ramukan bututu, canza zoben robar kowane ɗaya ko da tsohon bai nuna lalacewa ba. A ɗaure da hannu, a ƙara kwata ɗin juyi, shi ke nan. Ɗaurewa da sifana ita ce ke fasa fallen a bakin rami.

Bar gyaran ya yi mako guda, sannan a maimaita gwajin ruwa daga farko.

Cire karce da dawo da ƙyalli

Farce ne ma'auni. Ja shi a kan karcen. In bai maƙale ba, man gogewa kaɗai zai isa, ko a fara da samfefa mai lamba 1500. In ya ɗan maƙale, fara da 800. In ya maƙale sosai, 400 ko 600. Kada ka fara da mai kaushi fiye da buƙata, domin duk layin da ka yi sai ka biya shi da matakai na gaba. Samfefar ruwa ake nema, baƙa ko toka-toka, irin wadda masu fentin mota ke amfani da ita. Jerin shi ne 400, 600, 800, 1000, 1500, 2000, 3000. Wanda ya samu fallayen Micro-Mesh, suna tafiya daga 1500 har 12000, kuma suna rage aikin man gogewa sosai.

Jiƙa samfefar minti goma, naɗe ta a kan ɗan soso mai tauri ko katako mai shimfiɗar roba. Da yatsu zalla za ka haƙa kwari. Yi ta fesa ruwa, ka goga a layi miƙe, ba zagaye ba, da nauyin hannu kawai. Lamba ta farko ita ce ke cire karcen, kada ka bar ta sai ya ɓace gaba ɗaya. In ka canza lamba, ɗauraye wurin da hannunka tas, sannan ka juya alƙibla: in da kana tafiya hagu da dama, yanzu sama da ƙasa. Amfanin haka shi ne za ka gane lokacin da layukan baya suka ƙare. Share ruwan, haska da tocila, in ka ga ko layi ɗaya na tsohuwar alƙibla, ci gaba. Tsallake lamba shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma ba ya bayyana sai a ƙarshe, lokacin da bango ya yi ƙyalli amma siraran layuka suna nan kwance a ƙarƙashi.

A kowane mataki faɗaɗa wurin da santimita biyu ko uku. In ka tsaya a kan ɗan wuri guda kana ci, za ka yi lotsi wanda zai riƙa karkatar da surar kifi in ya wuce ta wurin. Karce mai zurfi ƙwarai gara a rage masa kaifi a bar shi da a rage kaurin bango saboda shi. A bar tazarar santimita biyu daga mahaɗai. Kuma kada ka firgita in bangon ya koma fari fat bayan lambobin farko, haka yake, yana fara washewa ne daga 2000 zuwa sama.

Daga nan sai man gogewa. Novus ya shahara a wannan aiki: lamba 3 na karce mai nauyi, lamba 2 na ƙanana, lamba 1 na sharewa da ƙyalli. Shafa 3 da ƙyalle mai laima, share, bi da 2 da sabon ƙyalle a zagaye har hazon ya tafi. Lamba 1 a bar shi ga wajen tanki. In babu Novus, man goge fitilar mota ta roba yana aiki a waje, amma da yawansu suna da kakin zuma ko silikon, don haka kada a kai su ciki.

Injin gogewa yana rage wahala, kuma shi ne ke ƙona tankuna. Yi amfani da soso mai laushi ko ulu, gudun kada ya wuce juyi 1,500 a minti, hannu kada ya tsaya wuri ɗaya. Kowane 'yan daƙiƙu taɓa bangon da bayan hannu. In ya wuce ɗumi, dakata. Akirilik yana fara laushi a wajen digiri 100, amma tun kafin nan zafi yana barin takura a jikinsa wadda ke fitowa daga baya a matsayin tsage-tsage. Dabarar bin bango da harshen wuta don ya yi ƙyalli tana aiki a gefen allon talla, a tankin ruwa kuwa ɓarna ce. Bango guda na tanki mai santimita 120, da hannu, yana iya cin yini cur.

In an gama, a wanke cikin da ruwan ɗumi da sabon ƙyalle, a bi kusurwoyi da buroshi inda farin man ke maƙalewa, a cika a zubar sau biyu.

Mayar da shi bakin aiki

Teburin da zai ɗauke shi ya kasance mai saman shimfiɗaɗɗe gaba ɗaya, daidaitacce ta kowace fuska, nesa da taga mai rana. Fitilar LED ta fi dacewa don ba ta zafi, kuma a ɗaga ta kaɗan daga fallen sama. A wanke tsakuwa a bokiti, a zuba ta da kofi a hankali.

Wankin bilic ya kashe har da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke sarrafa kashin kifi, saboda haka tankin sabo ne ta wannan fuska. Cika shi da ruwan da aka cire wa kilorin, kunna matata, riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum ba tare da kifi ba. Abincin zai ruɓe ya ba da amoniya, ƙwayoyin su mayar da ita sinadarin naitirait mai guba ga kifi, sannan naitiret mai ƙarancin illa. Wannan yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, ya fi sauri in aka samo ɗan soson matata daga lafiyayyen tanki. Sai kayan gwaji sun nuna amoniya sifili, naitirait sifili, sannan a sa kifi, uku ko huɗu da farko, a ƙara bayan mako biyu.

Wajen sharar mako-mako, a ware soso ɗaya mai laushi na wannan tanki kaɗai. Mai amfani da magogin maganaɗisu ya sayi wanda aka rubuta na akirilik ne, ya ɗaga shi ya duba fuskarsa kafin kowace shara, kuma ya tsaya yatsa biyu sama da tsakuwa. Layin ƙasan a bi shi da katin roba. Waje kuma a fesa ruwa tukuna, sannan a share da maikurofaiba.